Shekaruna a Ramin Dutsen Mpape

Duk wanda ya tsaya a Maitama ya dubi arewa maso gabas zai hango duwatsun Mpape, wasunsu an cinye rabi, gefen da aka fasa ya yi fari tas. Tsakuwa mai yawa da ta shiga tituna da gadoji da benayen Abuja daga nan ta fito. A ɗaya daga cikin kamfanonin da ke fasa waɗannan duwatsu na yi aikin tankifa, tun daga 2009 har bayan girgizar ƙasar da aka yi a Mpape a 2018. Aikina bai wuce biro da littafi ba: in rubuta sunan duk wanda ya gangara rami da safe, in sa masa alama in ya fito, in ƙirga tifofin da suka yi lodi, in kuma adana takardun ofis. Ban taɓa riƙe nakiya ba, ban taɓa hawa katafila ba. Sai dai mai riƙe da littafin sunaye shi ke fara sanin wanda bai fito ba, shi ne kuma ke sanin wanda aka daina kiran sunansa.

Ofishinmu kwantena ce da aka yanka wa taga, bangonta cike da takardu a cikin gilashi. Da yake ni ake aika in lokacin sabunta su ya yi, na san abin da kowace ta ƙunsa. Ta farko lasisin fasa dutse ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk wani ma'adini da ke ƙasar nan, har da dutsen gini, don haka ko ka sayi fili a hannun masu ƙasa, wannan bai ba ka ikon kafa inji ka riƙa fasa dutse kana sayarwa ba. Sai ofishin rajistar ma'adinai ya ba ka lasisi na shekara 5, a kan filin da bai wuce murabba'in kilomita 5 ba, in ya ƙare ka sabunta. Kusa da shi akwai shaidar binciken illar da aikin zai yi wa muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta kafin a fara. Sai izinin saye da ajiye nakiya a ƙarƙashin dokar 1964, sai yarjejeniyar da kamfani ya ƙulla da mutanen gari, wadda ita ma sharaɗi ce a dokar 2007. A 2011 aka fito da ƙa'idojin aikin ma'adinai dalla-dalla, a 2013 kuma hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fito da nata a kan fasa dutse da tada nakiya.

Na jero su ne don mai karatu ya san mu ba 'yan haƙar bayan fage ba ne. Takardunmu cikakku ne. Duk abin da zan faɗa, a wuri mai lasisi ya faru.

In da inda ake bin doka sau da ƙafa, to wajen nakiya ne. Mai haɗa mana ita wani dattijo ne daga wajen Gombe, wanda ya koyi aikin tun yana saurayi a wurin haƙar dutsen siminti. Kowa Baba yake ce masa, har manaja. Yana da takardar ƙwarewa daga ma'aikatar ma'adinai ta tarayya, don doka ba ta bar kowa ya taɓa wannan aiki ba sai mai ita. Wurin ajiyar nakiyar yana can bayan dutse, nesa da ofis, an kewaye shi da tudun ƙasa, an kafa masa ƙarfen kare tsawa. Nakiya ɗakinta daban, 'yan ƙananan abubuwan da ke tayar da ita ɗakinsu daban, ba sa haɗuwa sai a bakin rami. Ba a shiga da ashana ko taba ko waya. Abin da aka fitar a rubuce yake, abin da aka zuba a rubuce, abin da ya yi saura aka mayar a rubuce, ga 'yan sandan sashen kwance bam a tsaye suna gani. Ranar da na ji abin da ya faru a unguwar Bodija ta Ibadan, a 16 ga Janairun 2024, inda nakiyar masu haƙar ma'adinai da aka jibge a gidan zama ta tashi ta kashe mutane ta rusa gidaje, Baba na tuna, da yadda yake tuɓe takalminsa mai ƙusa kafin ya buɗe ƙofar ɗakin nan.

Ranar tada nakiya aiki yakan tsaya tun azahar. A kafa jajayen tutoci, a tare hanyar da ta bi ta gindin dutse, a tura samari su kori masu kiwo da matan da ke fasa ƙananan duwatsu da guduma a gefen filinmu. A busa jiniya. Daga nan kowa ya taru a bayan wani tudu, ni kuma in buɗe littafi in yi kira. Baba ba ya haɗa waya da akwatin tayarwa sai adadin da na rubuta da safe ya yi daidai da adadin da ke tsaye a gabansa.

Wata rana cikin azumi na yi kira, mutum ɗaya bai amsa ba. Wani yaro ne sabon zuwa, mai ɗaukar wa masu huda dutse ƙarafa. An riga an cika ramuka, la'asar ta gota, ƙa'idarmu kuwa ba a tadawa bayan ƙarfe 5. Tifofi sun yi layi har bakin titi. Manaja ya dubi agogo ya ce yaron ya sulale gida ne, azumi ya galabaitar da shi. Wasu ma suka ce ai sun ga wucewarsa.

Baba ya zare makullin akwatin ya jefa aljihu.

"Ɗana," ya ce da ni, "ka sa masa alamar fita?"

"A'a, Baba. Bai biyo ta wurina ba."

Ya juya wajen manaja. "To, ranka ya daɗe, a wurina yana ciki. Sai na gan shi da idona."

Manaja ya yi ta faɗa, ya lissafa asarar da za a yi, ya ce zai kira mai kamfani. Baba ya ce a kira. Ko gezau bai yi ba. Dole aka bazu nema. Can aka same shi kwance a inuwar wani ƙaton dutse, jiki zafi zau da zazzaɓi, ko jiniyar bai ji ba, tsakaninsa da ramukan da aka cika bai fi taku arba'in ba. Mutum biyu suka ciccibo shi. Da nakiyar ta tashi, wurin da ya kwanta katafila ce ta kwashe abin da ya zubo a kai. Tun daga ranar ban sake jin manaja ya ɗaga wa Baba murya ba.

Haka Baba yake yi in rami ɗaya ya ƙi tashi. Babu mai gangarawa sai an jira aƙalla rabin sa'a, shi kaɗai zai fara zuwa, kuma ba ya yarda a sa injin huda a bakin tsohon rami ko da an rantse masa babu komai ciki.

A duk zamana nakiya ba ta kashe kowa a cikinmu ba. Maƙwabta ne suka fi jin jiki. Mpape ƙauyen Gbagyi ne da ya cika ya batse, musamman bayan rushe-rushen da aka yi a Abuja a shekarun 2000, mutane suka yi ta gini har gindin dutse. Ƙa'idar 2013 ta hana kafa wurin fasa dutse ko tada nakiya a ƙasa da kilomita 3 daga gidajen jama'a. Mu kuwa daga bakin raminmu ana jin kiran sallar unguwa, ana hango shanyar mata. Kamfani yakan ce gidajen ne suka tarar da shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma na shiga ɗakin wata mata da gutsuren dutse ya huda kwanon rufi ya faɗa kan katifa, Allah ya sa jaririnta yana goye a bayanta a tsakar gida. An saya mata kwano an ba ta haƙuri. Wa ya riga wa zuwa bai sauke nauyi daga kan wanda ya tada nakiyar ba. Shi zai rage yawanta, ya toshe bakin ramuka da kyau, ya kuma kawar da fuskar fasawa daga wajen gari. Bayan wannan rana an yi hakan, duwatsun kuma suka daina kaiwa unguwa.

Inda sakaci ya yi gida shi ne wajen injin niƙa. Dutse in ya fito rami, tifa ke juye shi a bakin injin, ya daddatsa, bel ya kwasa zuwa rariya, ita kuma ta ware manya da ƙanana da gari. Ƙa'ida ita ce duk inda ƙarfe ke juyawa a rufe shi da raga, in kuma za a sa hannu a kashe wuta daga tushe, a sa kwaɗo, mai gyaran ya riƙe makulli a jikinsa. Raga takan hana saurin gyara, sai makanikai su cire su jingine. A daminar 2014 laka ta toshe gindin bel, aka tsayar da shi daga maɓalli kawai, wani saurayi ya durƙusa yana kwashewa da hannu. Mai kula da inji yana sama a ɗakinsa, ba ya hango gindin. Wani ya ɗaga masa hannu a kan wata magana daban, ya zaci an ce ya kunna. Ban ji ihun ba, don ƙarar wurin ta fi ƙarfin muryar mutum. Abin da na gani ta tagar kwantena shi ne mutane suna gudu wuri ɗaya. Da aka buɗe akwatin agajin gaggawa, babu komai ciki sai 'yar auduga da kwalbar aidin da ta bushe. Da rawanin wani direba aka ɗaure masa damtse, a bayan a-kori-kura aka kai shi asibiti. Hannun dama ne, daga gwiwa aka yanke.

Washegari aka kira ni aka ce yaron ba ma'aikacinmu ba ne, na ɗan kwangilar da ke kawo leburori ne, don haka babu ruwan kamfani. A lokacin yawancin waɗanda ke cikin rami haka suke, 'yan jinga, ana biyansu a hannu, babu takarda. Aka nuna mini a fakaice cewa littafin wannan wata zai fi kyau in an sake rubuta shi. Na ce littafi yana nan yadda yake, sunan yaron yana ciki tun farkon shekara, da rubutun hannuna. Baba yana zaune a bakin ƙofa yana jan carbi, yana jin komai, wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta bar wannan kafa ba. A wurinta ma'aikaci shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, da takarda ko da baki, na dindindin ne ko na wucin gadi. Mai aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, daga aljihunsa, ba shi da ikon cirewa daga albashin ma'aikaci. In an ji rauni, ya sanar da hukumar cikin kwana 7. Dokar ma'adinai ita ma ta wajabta kai rahoton duk hatsarin da ya kai ga rasa rai ko mummunan rauni. Yaron bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kawunsa da ya zo daga ƙauye cewa yake ta yi, "Ƙaddara ce, Malam, Allah ya riga ya rubuta." Na yi imani da ƙaddara. Amma ragar nan da ke jingine da bango mutum ne ya cire ta, hakkin da doka ta ba yaron kuwa nasa ne, ba alfarma ba. Da sa bakin dattawan unguwa da wani lauya mai taimakon leburori, kamfani ya biya kuɗin asibiti ya kuma ba shi abin da ya kafa tebur a garinsu. Cikin mako guda aka mayar da ragogi, aka sayo kwaɗuna. Kuɗinsu duka bai kai na lodin tifa biyu ba.

Abin da ya fi ci mini rai, wanda kuma ya sa na ɗauki biro, ita ce ƙura.

In hunturu ya shigo, masu huda dutse da masu aikin rariya sukan fito fari fat kamar waɗanda suka kwana a injin niƙan gari, gashin ido fari, in sun yi kaki fari. Wadda ido ke gani ma da sauƙi, hanci da maƙogwaro suna tare da yawa daga cikinta. Mugunyar ita ce wadda ba a gani. Irin dutsen Mpape yana ɗauke da sinadarin silika, in an huda shi ko an niƙa a bushe yakan tashi ƙanana ƙwarai, ya wuce har ƙuryar huhu ya zauna. Jiki ba ya iya fitar da shi, sai huhu ya yi ta tabo yana ƙandarewa. Silikosis likitoci ke kiran ciwon. Yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya bayyana, in ƙurar ta yi yawa kuwa ƙasa da haka. Ba shi da magani, ko mutum ya bar aikin yana iya ci gaba da cin sa, kuma mai shi ya fi saurin kamuwa da tarin fuka.

Ruwa ne babban abin da ke hana shi. A huda dutse ruwa yana bi ta cikin ƙarfen, a sa bututun yayyafi a bakin injin niƙa da kan bel, tanka ta riƙa jiƙa hanya. Bayan wannan sai takunkumi na gaske mai matattara, wanda ke kama fuska, da gwajin ƙirji lokaci-lokaci. Duk nauyin mai lasisi ne, kuma duk muna da su a takarda. Tankar ruwa ma muna da ita. Ranar da aka ji jami'ai za su zo dubawa, tun asuba take kai-komo, a fito da sababbin hulunan kwano da takalma daga sito, da yamma a karɓe a mayar. Sauran ranaku tana can tana dakon ruwa zuwa wani gini na mai kamfani. Bututun yayyafi an kashe su, don jiƙaƙƙen gari yana toshe rariya yana rage lodi. Leburori kuwa tsumma suke ɗaurawa a hanci, ko takunkumin takarda da bai kama fuska ba, da yamma su sayi madarar gwangwani su sha, wai tana wanke ƙirji. Na sha ganin mutum ya rage abincinsa don ya sayi madarar nan. Madara ciki take tafiya, ƙura tana huhu.

Mafi ƙwarewa cikin masu huda dutsenmu wani mutumin Damagaram ne. Na tarar da shi a wurin, ya kuma yi aikin a wasu wurare kafin nan. Ƙaƙƙarfa ne, shi kaɗai yake saɓa injin huda ya hau da shi tudu. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam Tankifa. Kunnensa ya riga ya yi nauyi saboda ƙarar inji, sai an ɗaga masa murya. Tari ya fara, aka ce hunturu ne. Ya rame, aka ce tarin fuka ne, ya sha maganin wata shida, ya ɗan ji dama, ya koma rami. Bai shekara ba abin ya dawo. A wannan karon ne wata likita ta dubi hoton ƙirjinsa ta yi masa tambayar da ba wanda ya taɓa yi: wane aiki kake yi, kuma tun yaushe?

Na je duba shi a ɗakin da suke haya su huɗu. Yana zaune ya jingina da bango, don kwanciya tana toshe masa numfashi. Na yi sallama, ya amsa rabi ya tsaya, ya ja iska, sannan ya ƙarasa. Buta tana bakin ƙofa, taku kaɗan ne, sai da ya huta a hanya kafin ya kai gare ta.

"Malam Tankifa," ya ce, "ka bar sunana a littafi. In na ji sauƙi zan dawo."

"Yana nan, Yaya. Allah ya ba da lafiya."

"Likita ta ce garin dutsen ne ya cika mini ƙirji. Ta ce da ana zuba ruwa da bai kai haka ba."

Bayan sallar layya 'yan uwansa suka tafi da shi gida. Labarin rasuwarsa ta waya ya iso mana. Allah ya jiƙansa da rahama.

A takardun kamfani abin da aka rubuta shi ne ya bar aiki. Babu rahoto, babu bincike, babu diyya, alhali dokar 2010 ta lissafa silikosis ƙarara cikin cututtukan aiki da ake biyan diyyarsu, ta kuma tanadi hakkin iyalin wanda ya mutu. Bayansa na ga wasu sun tafi gida da irin tarin nan, wasu Katsina, wasu Jigawa, wasu Nijar, ba su dawo ba. A bakin ƙofarmu akwai allo da ake rubuta yawan kwanakin da aka yi ba tare da hatsari ba. Saboda hannun yaron nan an goge shi an fara daga ɗaya. Saboda waɗannan mutane ba a taɓa goge shi ba.

A ganina dalilin a fili yake. Nakiya in ta yi ɓarna, a gaban mai kamfani za ta yi, ga 'yan sanda, ga 'yan jarida, ga lasisi a hannun gwamnati. Ƙura kuwa sai mutum ya koma ƙauyensu take gama aikinta, inda ba wanda zai haɗa mutuwarsa da ramin da ya bari. Doka ba ta bambanta su ba, mai lasisi ne ya bambanta, kuma wannan zalunci ne ko da takardunsa sun cika bango.

A farkon Satumban 2018 ƙasa ta yi ta motsi a Mpape da kewaye. Mu da muka saba da jijjigar nakiya mun san wannan daban ce, don har cikin dare take zuwa, babu jiniya. Mutane suka kwana a waje, wasu suka kwashe iyali. Hukumar birnin tarayya ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyoyin burtsatse a yankin. A makonnin nan an yi ta zuwa duba mu, an kuma gyara abubuwa da yawa, har bututun yayyafi. 'Yan jinga kuwa babu aiki babu biya, da yawa suka watse. Ni ma ban daɗe ba na ajiye aikin na koma gida. Da hotunan wani tsohon rami na Mpape da ya cika da ruwa suka bazu a 2020, 'yan Abuja suna ta zuwa shan iska, ni tsayin bangon na duba da zurfin ruwan. Gyara rami bayan an gama aiki shi ma nauyi ne da dokar 2007 ta ɗora wa mai lasisi, yaran unguwa kuma suna wanka a irin waɗannan wurare.

Yanzu wuraren fasa dutse sun yawaita a gefen manyan hanyoyinmu, samarinmu kuma can suke zuwa ci rani. Masu lasisi, ku buɗe ruwa, ku mayar da raga, ku sa sunan kowane lebura a asusun diyya. Kai kuma mai karatu, in ɗanka ko ƙanenka yana wannan aiki, ka ce masa ya tabbata ana rubuta sunansa kullum, shi ma ya riƙe nasa lissafin da sunan wurin. In ya ji rauni, shi ko wani nasa ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, a kuma nemi diyya kafin shekara ta cika. In kuwa tari ya kama shi, ya je asibiti ya faɗa wa likita aikin da yake yi tun kafin a tambaye shi.